Masu nazarin bayanai na lissafi da dala, kamfanoni na kasafi da naira

Idan intabiyu ya zo ƙarshe, akan tambayi mai neman aikin nazarin bayanai: "Nawa kake so a biya ka?" A Najeriya, nan ne ciniki ke yawan watsewa.

Tushen matsalar darajar naira ce. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta riƙa yanke farashin canji, sai dalar da ake samu a kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100.

Matashin da ya iya SQL, Power BI da Python ya san akwai masu yi wa kamfanonin Turai da Amurka aiki ta intanet daga ɗakunansu. A wancan canjin, ko dala 1,000 ce a wata ta zarce naira miliyan ɗaya da rabi. Da wannan ma'auni yake shiga intabiyu.

Shi kuwa kamfani, tun farkon shekara ya tsara kasafin ɗaukar ma'aikata da naira, kowane muƙami da matakinsa. Idan ya fifita sabon shiga a kan waɗanda suka daɗe, gunaguni zai tashi a ofis. Ga kuma kashi 10 cikin 100 na fansho da dokar 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki, ga inshorar lafiya, kwamfuta da lasisin manhajoji.

Sai dai kamfanonin ma ba su kuɓuta daga laifi ba. Wasu kan haɗa aikin mai nazari, mai gina rumbun bayanai da mai tsara rahoto a talla guda, da albashin mutum ɗaya, su kuma ƙi rubuta adadin.

Shirin 3MTT da Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan uku ya ƙara yawan sababbin hannu, saboda haka masu neman aikin farko ba su da ƙarfin taya kansu da tsada. Ƙwararru ne ke wuyar samu, domin da yawansu sun yi japa ko sun koma karɓar dala.

Kafin amsa tayi, yana da kyau mai neman aiki ya tambaya ko adadin da aka faɗa kafin cire haraji da fansho ne ko bayansa, da kuma lokacin da ake sake duba albashi.