Giyar Inabin Pinot Noir: Sunanta, Ɗanɗanonta da Abincin da Ya Dace da Ita

Pinot Noir wani irin inabi ne da aka daɗe ana nomawa a lardin Bargandi na ƙasar Faransa. Galibin masana sun ce sunan ya fito daga kalmomin Faransanci biyu, watau "pin", itacen fayin, da "noir", baƙi, domin curin 'ya'yansa ya yi kama da ɗan wannan itace. A shekarar 1395 mai mulkin Bargandi, Filib, ya ba da umurnin tumɓuke inabin Gamay domin a kare martabar wannan iri.

Baurin giya da launinta daga ɓawon inabi suke fitowa. Da yake ɓawon wannan inabi ba shi da kauri, giyarsa ba ta cika ja ba, baurinta kaɗan ne, tsaminta kuwa a fili yake. Tana sabuwa ƙamshin 'ya'yan ceri gare ta, in ta daɗe sai ta koma ƙamshin naman kaza da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Saboda haka akan haɗa ta da naman agwagwa ko kifin salmon, domin tsaminta yana yanke maiƙo. Abinci mai yawan barkono kuwa danne ƙamshinta yake yi.