Gwaji Kafin Buɗe Gari: Darasin Korona a Kano

Ranar 11 ga Afrilu, 2020, aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Kano. Bayan kwana 5 aka kulle gari, magidantan Darmanawa masu cin abinci da guminsu suka zauna gida ba sana'a. Kusa da unguwar, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ake gwada majinar da aka lakato daga hanci. In an ga ƙwayar cutar, sai jami'an lafiya su bi sawun waɗanda mai ita ya cuɗanya da su, a killace su kwana 14, domin takan ɓuya tsawon haka kafin ta bayyana. Kulle jinkirta yaɗuwa kawai yake yi, gwaji ke nuna inda cutar take. Ranar 2 ga Yuli aka ɗage kullen, jama'a suka koma kasuwa.