Kiwon kaji masu launi: abin da za ki sani kafin ki ci rance a kansa

'Yan uwana mata, kusan duk ƙungiyar adashin gata da na zauna da ita, daga Gumel har Sule Tankarkar, sai wata ta yi mini tambayar nan: me ya sa za a kai zakaru biyu kasuwa, girmansu ɗaya, a taya fari ƙal ko ja zur da tsada, ɗayan kuwa a yi ta jan ciniki? Amsar ita ce akwai mai sayen nama, akwai mai sayen launi. Mai sayen nama ɗaga kaza yake ya ji nauyinta. Mai sayen launi yakan zo da abin da yake nema a ransa: farin zakara da babu ɗigon komai a jikinsa, baƙar kaza, wake-wake mai zane kamar an yayyafa mata, mai tukku, durgu mai gajerun ƙafafu, ko shazumama mai gashi a murɗe. Wani don sha'awar kiwo yake so, wani don kyauta, wani don sadaka, wani kuma an ce ya nemo ne don magani. Ba na bin diddigin wannan. Na dai san wanda ya zo neman abu takamaimai ba ya daɗewa wajen ciniki.

Duk wadda ta taɓa zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, ko ta aika ɗanta, ta san haka. Kasuwa ce ta kan iyaka, mutanen Nijar na shigowa, fatake na zuwa daga nesa, saboda haka kaza mai kyan launi ba ta rasa mai tambaya.

To amma launi ba ya zuwa don kina so. Gado ne, rabi daga zakara, rabi daga kaza. Abinci ba ya juya gashin kaza daga ja zuwa fari, komai dusar da kika zuba mata. Kuma a nan yawancinmu muke faɗuwa: mu sayi kaza mai kyau, mu sake ta a tsakar gida, zakaran maƙwabta ya tsallako katanga ya bi ta, sannan mu yi mamakin 'yan tsaki sun fito kala-kala. Idan ba ke kika zaɓi uban ba, ba kiwon launi kike ba, jiran sa'a kike.

Akwai abin da mata da yawa ba su sani ba. Kaza tana riƙe irin zakara a jikinta har mako biyu zuwa uku bayan ya bi ta. Don haka in kin sayo ta yau, ko kin ware ta daga garke, kada ki dogara da ƙwan da ta fara yi. Ki killace ta da zakaran da kika zaɓa, ƙwan makonni ukun farko ki soya wa yara ko ki sayar. Na bayan nan ne naki. Killacewar ba sai da waya mai tsada ba, zana ko karan dawa sun isa, in dai an rufe saman yadda zakara ba zai dira ciki ba. Zakara ɗaya yana iya ɗaukar kaji har goma.

Bari in ba ku labarin kuskurena da shazumama, don shi ne ya fi koya mini. Shekarar da na fara, na ci rance daga akwatin ƙungiyarmu na sayi zakara shazumama da kaza shazumama. Lissafina mai sauƙi ne: uwa shazumama, uba shazumama, 'ya'ya duk shazumama. Da aka ƙyanƙyashe, gashi ya fara fitowa, sai na ga iri uku. Wasu gashinsu a kwance kamar na kowace kaza. Wasu shazumama masu kyau, irin waɗanda nake so. Wasu kuma, Allah sarki, gashin siriri kamar zare, yana karyewa, baya duk a waje. Hunturu na shigowa waɗannan suka fara bi ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka sammu ne ko baki. Sai wani malamin dabbobi ya zaunar da ni ya ce, "Hajiya, ba kowa ya yi miki ba, haɗin ne."

Ga yadda abin yake. Shazumama mai kyau gadon murɗewar gashi ta ɗauko daga gefe ɗaya kawai, ko uwa ko uba. Wadda ta ɗauko daga gefe biyu ita ce mai gashin da ke kakkaryewa. In kin haɗa shazumama da shazumama, a cikin kowane tsako huɗu ana sa ran ɗaya mai gashi a kwance, biyu masu kyau, ɗaya mai lalataccen gashi. In kuwa kin haɗa shazumama da mai gashi a kwance, rabi za su fito shazumama masu kyau, rabi kajin gida lafiyayyu, babu lalatacce. Kin ga ke nan rabin dai za ki samu ta kowace hanya, sai dai hanya ta biyu babu asara, kuma tsuntsu ɗaya mai tsada za ki saya maimakon biyu. Kada ki ce dole kowane kwanci ya rabu daidai haka. A ƙwai goma yana iya karkata, sai an tara kwanci da yawa lissafin yake fitowa.

Mai tsiraicin wuya ita ma gadonta yana bayyana ko daga gefe ɗaya ya zo. Wasu ba sa son ganinta, suna cewa kamar mai ciwo, amma a zafin bazara irin na Gagarawa da Maigatari ta fi sauran jurewa, saboda gashinta kaɗan ne.

Fari yana da nasa wayon. Wani farin yana ɓuya: uwa ja, uba ja, sai ga farin tsako, domin dukansu suna ɗauke da shi a ɓoye. Irin wannan in kin haɗa fari da fari, fari za ki yi ta samu. Wani farin kuma danne sauran launuka yake, sai a jikoki ja ko baƙi ya sake ɓullowa. Da ido ba za ki bambance su ba, sai da gwaji. Shi ya sa nake cewa kowace mai wannan kiwo ta sami shafi a littafinta, ko ta sa 'yarta mai zuwa makaranta ta rubuta mata: wane zakara, wace kaza, ƙwai nawa, me ya fito. Kuma kada ki yanke hukunci a kan ɗan tsako, launinsa na gaskiya sai gashin girma ya fito. A kula da 'yan tsakin da ake rinawa kore ko ruwan hoda ana tallarsu. Rini ne, yana zubewa da gashin farko.

Wata dabara da ta taimake ni: kazar da nake ji da ita ba na barin ta kwanci kowane lokaci. Ina tara ƙwanta a wuri mai sanyi, kada ya wuce mako guda, in yi masa alama da gawayi, in sa wa wata kazar da ta riga ta kwanta, takwas zuwa goma gwargwadon girmanta. Kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Mai launin kuwa ta ci gaba da yin ƙwai.

Launi yana da kuɗinsa a wajen tsaro. Farin tsako a fili shirwa daga sama take hango shi. Shazumama ba ta iya tashi sosai ta tsere wa muzuru, ruwa yana ratsa ta, sanyi yana kama ta. Waɗannan sai da akurki mai kyau, 'yan tsaki kuma a ƙarƙashin kwando ko cikin killa har su yi ƙwari.

Sannan kada son launi ya sa ki yi ta mayar da uba kan 'ya'yansa shekara da shekaru. Launin zai tsaya, amma ƙwai zai rage ƙyanƙyasa, 'yan tsaki su riƙa fitowa ba ƙarfi. Nan ƙungiya take da amfani. Ku yi musayar zakara da wata ƙungiyar a wani ƙauye duk shekara. Baƙon zakara a ware shi mako biyu kafin ya shiga cikin kaji, haka ma duk kazar da aka kai kasuwa ba a sayar ba ta dawo gida.

Babban abin da ke share akurki kun san shi, annobar nan da ke zuwa da hunturu, kaza ta yi zugum, tana koren zawo, wuya ya murɗe. Likitocin dabbobi suna ce mata Niyukasul. Ba ta da magani in ta kama, sai riga-kafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin wani riga-kafi mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, ana ɗiga shi a ido, ana maimaitawa duk bayan wata huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka ku haɗa kuɗi, ku nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku, a yi wa kajin unguwa rana ɗaya, tun kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa.

Game da rance, ga abin da nake faɗa wa kowace ƙungiya. Daga ranar da kika killace kaza zuwa ranar da 'ya'yanta za su kai sayarwa, ki ƙiyasta wata shida zuwa bakwai. Rancen akwati kuwa a yawancin ƙungiyoyinmu wata uku ne. Ni da ƙuli-ƙuli na biya nawa, don ranar biya ta zo babu tsako ɗaya da ya isa kasuwa. In za ki fara, ki fara da kuɗin rabon ƙarshen zango, ko ki sayar da zakaru biyu na gida ki sayi ɗaya mai launin da kike so. Ki zaɓi mai kuzari, ido garau, ƙafa miƙe, ki sa shi kan kajinki da kika san suna kwanci da kyau suna kuma riƙe 'ya'ya. Ranar sayarwa kuma kada ki miƙa wa yaro ya kai tare da sauran kaji a ɗaure wuri ɗaya, don dillali zai yi musu kuɗin nama gaba ɗaya. Ki ware mai launin, ki faɗa wa ɗan aiken kuɗin da ba za ki sauka ƙasa da shi ba, in ba a kai nan ba ya dawo miki da ita.