Gargaɗi ga masu kyanwa a ƙasar Daura: ƙin cin abinci ba ƙaramar alama ba ce

Jama'ar Daura, Sandamu, Mai'adua, Zango da Baure, a yi hattara. Duk gidan da kyanwarsa ta kwana biyu ba ta taɓa abinci ba, ta lafe a ƙarƙashin gado ko bayan rumbu, ga rama ta fara bayyana, kada a ce ai za ta ware. Kyanwa akwai ɓoye ciwo, kafin ta nuna abin ya yi nisa. Jikinta kuma ba ya jure yunwa: 'yan kwanaki ba ci, sai kitse ya taru a hantarta, wani ciwon ya hau kan wani.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin ɓera. Da kaka ta yi, gero da gyaɗa suka shiga rumbu, sai a bi lungu-lungu ana zuba guba. Ɓeran da ya ci ya galabaita, shi ne kyanwa ta fi saurin cafkewa. Wasu daga cikin magungunan nan hana jini daskarewa suke yi, kuma ba sa nuna kansu nan take, sai bayan kwana 3 zuwa 5: kasala, dasashi ya yi fari fat, numfashi sama-sama. Irin wannan guba tana da makari, bitamin K1, amma a hannun likitan dabbobi yake, kuma sai an je da wuri. A tafi da ledar maganin ya gani. A kuma tuna, inda bakin kyanwa ya kai, hannun yaro mai rarrafe ma yana kaiwa.

Don Allah kada a ba ta farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta babban mutum ta isa ta kashe ta. Ɗurar manja ko madara ma a bari, shaƙe ta za a yi.

Sau da yawa abin bai kai haka ba: tsutsar ciki ce, ko ƙuma, ko ruɓaɓɓen haƙori. Tsohuwar kyanwa da ke ramewa tana yawan shan ruwa da fitsari, a duba mata ƙoda da ciwon suga. Mushen kaza kuwa a binne shi, kada kyanwa ta ci ta kamu da murar tsuntsaye. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya tun 2006, a jihar Kaduna, kuma a 2023 ta kashe maguna da dama a ƙasar Folan.

Sai babbar magana, ciwon haukan kare. Sunan ne na kare, amma kyanwa ma tana kamuwa. In halinta ya sauya farat ɗaya, tana dalalar da miyau, ta kasa haɗiya, kada kowa ya sa mata hannu a baki wai ƙashi ne ya maƙale. A rufe ta a ɗaki, a janye yara, a kira ma'aikacin dabbobi. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, ko da ciwon bai fi tsagar allura ba. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi.

Wadda take lafiya lau ma a kai ta asibitin dabbobi mafi kusa, a yi mata allurar riga-kafi da maganin tsutsa.