Rimin da Yaran Yanzu Suka Hau

A majalisarmu ta bayan la'asar a Kafin Hausa, babu zancen da ya kai na lalacewar yaran yanzu tsawon rai. Wani dattijo da ya koyar da rabin mazauna majalisar yakan rufe shi da karin magana: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sai kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na daɗe ina gyaɗawa. Amma yau, Allah ya gafarta Malam, ina neman izinin in ɗan ja da kai.

Wasu koke-kokenka gaskiya ne. Akwai yaron da zai gaishe ka idonsa na kan waya, akwai wanda TikTok ke cinye masa dare. Inda muka rabu shi ne cewar da kake yi babba ba shi da abin koya a wurinsu.

Ina da shagon taki da iri da maganin feshi, kuma yara biyu ke taya ni bayan an tashi daga makaranta, ɗaya ɗan shekara 16, ɗaya 17. A farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwa. Manoman rani daga wajen Bulangu sukan zo da kuɗi a asusu, aljihu wayam. Ni kuwa na kafe, sai abin da na ƙirga da hannuna. Kwana uku ban yi cinikin kirki ba. Ƙaramin ne ya ce, "Kawu, ka karɓi taransfa, amma kada ka yarda da saƙon alat. Buɗe asusun ka ga kuɗin da idonka kafin kaya su fita." Ya sayo littafi yana rubuta sunan duk wanda kuɗinsa ya maƙale a hanya. Da haka muka fita daga wannan masifa.

Za ka ce ai sanin waya ne kawai, kuma da gaskiyarka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya koya. Wurin wani mai POS da bai kai shi shekaru ba ya je ya tsuguna, ya yi tambaya, ya yi kuskure a gaban mutane, aka yi masa dariya, washegari ya koma. Yaushe rabon da ɗayanmu ya ce "ban sani ba" a bainar jama'a? Mu girma ya ɗaure mana baki. Su kuwa sun saba. Tun 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta, yaron ƙauyen da bai taɓa dafa na'urar ba yake zama gabanta yana neman gurbi a Jami'ar Sule Lamido da ke nan garinmu tun 2013, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutse. Wanda ya shiga wannan ɗakin ya fito, kunyar tambaya ta bar shi.

Darasi na biyu ya fi mini ciwo. Shekara da shekaru, duk manomin da ya sayi maganin feshi nakan ce masa murfi biyu a injin goyo, ko wane magani ne. Haka na tarar ana yi. Ran nan babban yaron ya ce, "Kawu, me ya sa?" Na ji zafi, har na kusa kiran abin rashin kunya. Ya juya kwalbar ya karanta mini: kowane magani da ma'auninsa, kuma akwai kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a tsinki tumatir ko wake. Mutum nawa na sa suka kai wa iyalinsu abin da bai kamata a ci ba? Yanzu shi ke yi wa manoma bayani, ni ina daga gefe ina saurare.

Kai ka karantar da mu cewa Sayyidina Umar yakan zaunar da Abdullahi ɗan Abbas cikin dattawan Badar, har wasunsu suka yi ƙorafin suna da 'ya'ya sa'anninsa, bai kuma fasa ba. Duk da haka, tarbiyya tana nan a wuyanmu, kuma yarana biyu har yanzu ni nake nuna musu yadda ake magana da mai bashi ba tare da an ci masa fuska ba. Wannan ba ya cikin waya.

Shekaranjiya na ga ka miƙa wa jikanka wayarka ya duba maka ko fansho ya shigo. Ya danna, ya ce ya shigo, ka karɓa ka mayar aljihu. Na so ƙwarai in ji ka ce masa, "Zo nan, nuna mini yadda ka yi."