Kek Na Ranar Haihuwa A Unguwar Sarki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kaɗan. A nan Unguwar Sarki, Kaduna, matan gida sun gwanance wajen gasa wa yara kek na ranar haihuwa, ko babu lantarki. Sukan zuba yashi cikin tukunya, su aza bisa garwashi, su sa gwangwanin kwaɓin fulawa da ƙwai da sukari da bota, su rufe. Amma adonsa fa, kullum sai 'yan tsanan majigin Turawa. Me zai hana a yanka shi siffar allo, ko a zana Dagin Arewa, ko hasumiyar Masallacin Sultan Bello, ginin 1962? Sai dai kada a rubuta aya, gama wuƙa za ta ratsa ta.

Malamin makaranta, Kaduna.