Sabunta Tsohuwar Kwamfutar Tafi-da-gidanka ta Hanyar Sauya Ma'ajiya da Ƙarin Ram: Bayani Domin Masu Nazarin Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan sassa biyu na kwamfutar tafi-da-gidanka waɗanda sauya su ke dawo wa tsohuwar na'ura da kuzarinta, wato ma'ajiyar bayanai da ram. An fayyace yadda kowanne yake aiki, da abin da ya kamata a tantance kafin saye, da matakan da ke kare bayanan bincike daga salwanta, sannan aka nuna iyakar abin da gyaran zai iya magancewa.

1.0 Gabatarwa

Aikin manazarcin Hausa a yau ya rataya a wuyan kwamfuta. A cikinta yake adana hirarrakin da ya naɗo daga bakin dattawa, da waƙoƙin baka, da hotunan rubuce-rubucen ajami, da babukan kundin digiri. Da yawa daga cikin na'urorin da ke hannun malamai da ɗalibai na hannu ne, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka a sayar a kasuwanni kamar ta Ikeja a Legas. Bayan 'yan shekaru sai na'urar ta fara nawa: a kunna ta a jira, a buɗe fayil a sake jira. Mai ita yakan ɗauka ta gama yayi. Sau da yawa kuwa ƙwaƙwalwar sarrafawarta lafiya lau take, ma'ajiya ce da ƙarancin ram suke riƙe mata ƙafa.

2.0 Bambancin Ma'ajiya da Ram

Ma'ajiya ita ce wurin da bayanai suke zama ko da an kashe na'ura. Ram kuwa wurin aiki ne na wucin gadi, wanda duk abin da ke cikinsa yake gushewa da zarar wuta ta yanke. Ana iya kwatanta ma'ajiya da rumbu, ram kuma da turmi: hatsi yana rumbu, amma wanda ake dakawa sai an ɗebo shi an zuba a turmi. Idan turmin ƙarami ne, dole a yawaita zirga-zirga zuwa rumbu. Haka kwamfuta take yi idan ram ya cika, sai ta riƙa kwashe wani ɓangare na aikin tana ajiyewa a ma'ajiya tana sake ɗaukowa. Idan ma'ajiyar ita ma mai nawa ce, matsalar ta zama biyu.

3.0 Faifai Mai Juyi da Ma'ajiyar SSD

Tsohuwar ma'ajiya, wadda kamfanin IBM ya fara fitar da irinta a 1956, tana kama da faifan garmaho. A cikinta akwai faifai mai maganaɗisu da ke juyawa, da wani ɗan hannu da ke kai-komo a kansa yana karantawa yana rubutawa. A kwamfutocin tafi-da-gidanka faifan yakan juya sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Kafin a karanta kowane guntun bayani sai hannun ya isa wurin, sannan faifan ya juyo da shi, abin da ke cin kimanin kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ko fiye. Lokacin kamar ba komai ba ne, amma kunna Windows kaɗai yana buƙatar karanta dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse a kan faifan.

Ma'ajiyar SSD ba ta da wani sashe mai motsi. Tana adana bayanai ne a cikin ƙwayoyin lantarki na filash, fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980. Isa ga guntun bayani a cikinta yana ɗaukar kimanin kashi 1 cikin 10,000 na daƙiƙa. Faifai mai juyi yakan karanta wajen megabayit 100 a daƙiƙa, alhali SSD da aka haɗa ta mahaɗar SATA ta uku tana kai wa wajen megabayit 550. Ko a na'urar da ke da SATA ta biyu, wadda iyakarta megabayit 300 ce, bambancin yana fitowa fili, domin saurin isa ga ƙananan fayiloli shi ne abin da mai amfani ya fi ji a hannunsa. Ga mai fita aikin fili akwai ƙarin fa'ida: girgizar babur da faɗuwa, waɗanda kan sa hannun ya karce faifai, ba su cika yi wa SSD illa ba.

4.0 Abin da Za a Tantance Kafin Saye

Matakin farko shi ne gano inda cikas yake. A Windows, danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare yana buɗe allon da ke nuna nauyin da ke kan kowane sashe. Idan ma'ajiya ta tsaya a kashi 100 na tsawon lokaci, ita ce ta fi buƙatar sauyi. Idan ram ne ke kusa da cika alhali shirye-shirye biyu ko uku kawai aka buɗe, to ƙarinsa ake buƙata.

Mataki na biyu shi ne sanin irin kayan da na'urar ke karɓa. Tsofaffin na'urori suna ɗaukar ma'ajiya mai inci 2.5, wadda kaurinta yake milimita 7 ko 9.5. Na baya-bayan nan kuma suna da gurbin M.2, wanda wani yake aiki da SATA, wani da NVMe, kuma ba kowane gurbi ne ke karɓar duka biyun ba. Ram ma iri-iri ne. DDR3 na tafi-da-gidanka yana da haƙora 204, DDR4 kuma 260, don haka ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Akwai kuma DDR3L mai aiki da bolt 1.35 maimakon 1.5, kuma wasu na'urorin shi kaɗai suke karɓa.

ThinkPad T430 ta kamfanin Lenovo, wadda ta fito a 2012, misali ce mai kyau. Tana da gurabe biyu na DDR3 da ke ɗaukar har gigabayit 16, kuma ana zare ma'ajiyarta ba tare da an wargaza na'urar ba. Akasin haka, MacBook Pro mai allon Retina da Apple ya fara fitarwa a wannan shekarar an liƙe raminta da dalma a jikin allon na'ura, ba a iya ƙara shi. Haka nan Windows mai bit 32 ba ya amfani da abin da ya haura gigabayit 4, sai an sauya shi da mai bit 64.

Ga rubutu da binciken intanet da shirye-shiryen nazarin sauti irin su Praat da ELAN, gigabayit 8 na ram suna wadatarwa. Wajen girman ma'ajiya kuwa, ya kamata a yi lissafi: sautin WAV mai ingancin faifan CD yana cin kimanin megabayit 10 a minti, wato awa 100 na hira sun haura gigabayit 60. Mai tara irin wannan zai fi samun sukuni da gigabayit 500 fiye da 250.

5.0 Matakan Sauyi da Kare Bayanai

Kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, wajibi ne a kwafe dukkan bayanan bincike zuwa wata ma'ajiya ta waje, a kuma buɗe wasu daga cikin fayilolin domin a tabbatar sun kwafu daidai. Hirar da aka yi da makaɗin da ya riga mu gidan gaskiya ba ta da madadi. Bayan haka akwai hanyoyi biyu. Ko dai a kwafi tsohuwar ma'ajiya ɗungurungum zuwa sabuwa da shiri irin su Clonezilla, ko kuma a ɗora sabon tsarin aiki daga tushe. Hanya ta farko tana kiyaye komai yadda yake, har da tarkacen da ya taru. Ta biyu ta fi tsafta, sai dai dole a sake saka haruffa da tsarin madannan da ake buga ɓ da ɗ da ƙ da su. Wannan yana da muhimmanci ga tsofaffin takardun da aka buga da haruffa na musamman kafin yaɗuwar Unicode, domin idan babu waɗannan haruffa sai rubutun ya rikice.

Yayin aikin, a cire caja da batir, a taɓa ƙarfe domin sauke lantarkin da ke jiki, a kuma riƙe ram ta gefe. Ana cusa shi a karkace, sannan a danna ƙasa har maƙallan gefe su kama. Idan mai gyara ne zai yi aikin, yana da kyau a karɓi tsohuwar ma'ajiyar a hannu, domin tana ɗauke da muryoyi da sunayen mutanen da suka ba da bayani bisa amana.

6.0 Iyakar Gyaran

Sauya ma'ajiya da ƙarin ram ba sa ƙara wa ƙwaƙwalwar sarrafawa ƙarfi, ba sa kuma gyara mataccen batir ko fankar da ƙurar hunturu ta toshe. Akwai kuma batun tsarin aiki. Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, shi kuwa Windows 11 yana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama a mafi yawan lokuta. Na'ura irin T430, mai ƙwaƙwalwa ta ƙarni na uku, ba ta cika wannan sharaɗi ba ko da an sabunta ta. Mafita ɗaya ita ce komawa ga Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne, kuma Praat da ELAN suna aiki a kansu.

Ita kanta SSD ba ta dawwama. Faifai mai juyi yakan yi ƙara ko ya ƙara nawa kafin ya mutu, ita kuwa tana iya tsayawa farat ɗaya, kuma ceto bayanai daga cikinta ya fi wuya. Ba a kuma so a ajiye ta shekaru ba tare da wuta ba, domin cajin da ke riƙe bayanan yana raguwa a hankali, musamman a wuri mai zafi.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa nawar tsohuwar kwamfuta galibi daga ma'ajiya da ram take tasowa, kuma sauya su yana iya ƙara mata shekaru na aiki da kuɗin da bai kai na sabuwa ba. Inda hali bai ba da damar yin duka biyun ba, SSD ce ta fi cancanta a fara da ita, sai fa idan ram ɗin bai kai gigabayit 4 ba. Sharaɗin da ba ya sauyawa shi ne a mallaki kwafi biyu na kowane bayanin bincike bayan na cikin na'ura, ɗaya daga ciki kuma a ajiye shi a wani wuri dabam.